Fita da Fitowa: Tafiya a Bakin Bature da a Bakin Bahaushe

Wata safiya na shiga motar haya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, kusa da ni akwai wani dattijo da jakar fata a cinyarsa. Ba mu yi nisa ba wayarsa ta yi ƙara. Daga amsar da yake bayarwa na gane mai kiran yana Gwaram yana jiransa. "E, mun taso," in ji shi. "Yanzu muka baro gari. In mun iso zan neme ka." Da ya kashe, sai ya lalubo lambar gida, ya ce wa wadda ta ɗauka: "Hajiya, mun tashi. Mun bar gari ke nan. In mun isa zan kira ki."

Mota ɗaya, hanya ɗaya, tsakanin kiran farko da na biyu ko minti biyu babu. Amma taso ta zama tashi, baro ta zama bar, iso ta zama isa. Dattijon bai tsaya ya yi tunani ba, harshensa ne ya san inda mai sauraro yake, ya juya wutsiyar kowace kalma ta fuskanci can. Na daɗe ina koyar da Turanci a wannan yanki, kuma ranar ce na fara ganin fuskar abin da yake wahalar da ɗalibaina ƙuru-ƙuru. Turanci da Hausa kowanne yana da abin da ba ya yarda a bar shi a baya idan ana maganar tafiya, sai dai abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ne.

Bari mu fara da na Bature. Aikatau na tafiya a Turanci ba kasafai yake fita shi kaɗai ba, yana da 'yan rakiya. Su ne ƙananan kalmomin nan irin su in, out, up, down, off, over, across, along, past, through, away, back. Aikatau ya faɗi irin tafiyar da aka yi, ko gudu ne ko rarrafe ko ɗingishi, su kuma 'yan rakiya su nuna inda aka nufa. Kalmar run gudu kawai take nufi, ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Sai an ce run in, ko run out, ko run across, sannan mai sauraro ya san ko shiga aka yi ko fita ko tsallakawa. Wasu daga cikin 'yan rakiyar suna iya tsayawa da ƙafarsu, kamar a he walked out, inda magana ta ƙare ke nan. Wasu kuma sai sun jawo suna a bayansu, kamar into da onto da towards. Akwai masu yin aikin biyu: he climbed up daidai ne, he climbed up the rock ma daidai ne. Kuma sukan hau kan juna, a ce out of, ko down from, ko out from under, kowace tana ƙara wa hanyar wata kwana.

Wani masanin harshe ɗan Amurka, Leonard Talmy, ya fitar da wannan a fili a wani rubutu da ya yi a 1985. Ya lura cewa harsuna sun kasu wajen inda suke ajiye hanya. Turanci da Jamusanci suna rataya ta a jikin 'yan rakiya, Faransanci da Sifaniyanci kuwa suna cusa ta cikin aikatau ɗin kansa. Idan aka ɗora Hausa a wannan ma'auni, a ganina ta fi rinjaya wajen kashi na biyu. Shiga, fita, hau, sauka, gangara, haura, ƙetare, tsallake, wuce, ratsa, kewaya, koma: kowace ɗaya ta zo da hanyarta a cikinta, ba ta neman wanda zai nuna mata.

Ga inda bambancin yake fitowa fili. A ce yaro yana wasa a kan Dutsen Habude, ɗaya daga cikin duwatsun Birnin Kudu masu tsofaffin zanen shanu a jikinsu, sai hadari ya taso. Bature zai iya ba da labarin da aikatau ɗaya tak: the boy ran down the rock, across the field, through the gate and into the house. Gudu ɗaya, hanya huɗu, an jera su kamar tsakiya a zare. Bahaushe kuwa sai ya ce: yaron ya gangaro daga kan dutse a guje, ya ratsa fili, ya shige ƙofa, ya faɗa gida. Aikatau huɗu, kowace iyaka da nata, gudun kuma an ambace shi sau ɗaya a gefe an wuce. Jimlar Bature kamar hoton hanya ce da aka ɗauka daga sama. Ta Bahaushe kuwa zango-zango take tafiya, kamar fatake, a sauka nan, a tashi, a sauka gaba.

Ba wai Hausa ba ta da ƙananan kalmomin wuri ba ne. Tana da a, da daga, da ta, da zuwa, da har. Tana kuma da waɗanda ta aro daga jikin mutum: cikin daga ciki, kan daga kai, bayan daga baya, bakin daga baki, gindin daga gindi. Shi ya sa muke cewa bakin kasuwa da gindin dutse. Sai dai waɗannan wuri suke nunawa, ba motsi ba. Cikin ɗin da ke "yana cikin rijiya" shi ne dai a "ya faɗa cikin rijiya", aikatau ne ya bambanta zama da faɗawa. Turanci kuwa yana da in yana da into, yana da on yana da onto, kuma ɗalibi sai ya zaɓa. Sannan mu ba ma bukatar komai tsakanin tafiya da inda za a je: ya tafi kasuwa, ta je Dutse. Daga nan ne he went market yake fitowa a takardun yara, ba daga rashin hankali ba.

To, yanzu ga abin da Hausa ta riƙe wanda Turanci ya sake.

Koma ga jimlar yaron nan. Na ce "ya gangaro", ban ce "ya gangara" ba. Da wannan harafi ɗaya na gaya maka cewa ni mai ba da labari ina ƙasa, yaron ni yake nufowa. Da ina kan dutsen ne tare da shi, da "ya gangara" zan ce. Jimlar Turancin ba ta faɗi wannan ba ko kaɗan. Ran down ita ce ran down, ko kana sama ko kana ƙasa. Turanci yana da come da go, yana da bring da take, kuma a nan kusan kayansa suka ƙare. Matsalar ita ce kujerar aikatau ɗaya ce, idan run ta zauna, come ba ta da wurin zama. Bature da ya matsu ya nuna cewa wajensa aka nufo, sai ya yi dogon zagaye ya ce came running down. Bahaushe bai san wannan cunkoso ba, domin nasa alamar a wutsiya take, kuma kusan kowane aikatau yana da wutsiyar da za a ɗaura mata.

F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, shi ne a 1960 ya tsara aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, tsarin da har yau ake koyarwa a jami'o'inmu. Wannan mai ƙarewa da o shi ne giredi na shida. Paul Newman a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, da Philip Jaggar a nasa na 2001, duk sun yi dogon bayani a kansa. Amma kowace uwa a Gwaram ta riga su iya aiki da shi. Fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, gudu da gudo, tura da turo, jefa da jefo, aika da aiko, leƙa da leƙo, kai da kawo. Mace tana tsakar gida ta ce wa yaro "shigo", tana ƙofar gida ta ce masa "shiga". Idan ta kuskure, ɗan shekara uku zai tsaya yana kallonta, domin bai san inda ake so ya nufa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan wutsiya take sa tafiya a cikin aikin da babu tafiya a cikinsa. Saye ba tafiya ba ne. Amma idan maigida ya ce wa ɗansa, "Ka sayo mana gero a kasuwar Sara," ya haɗa abu uku a kalma ɗaya: ka je, ka saya, ka dawo da shi. Haka ɗebo ruwa, haka wanko kaya a rafi, haka niƙo hatsi, haka kirawo malam. Idan aka ce wane ya auro 'yar Fagam, mun san amarya tana nan garinmu. Idan aka ce wane ya karanto a Masar, mun san ya je, ya gama, ya dawo, ga shi a cikinmu. A juya wannan zuwa Turanci, sai an yi jimla mai gaɓa biyu ko uku, kuma duk da haka wani abu yana zubewa a hanya, wato jin cewa amfanin aikin gida ya nufo. Har abin da ba shi da ƙafa muna sa shi ya taho: rana ta fito, hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, azumi ya gabato, na tuno da wata magana, an gano ɓarawo. Tunawa ma a bakinmu abu ne da yake tasowa daga nesa ya iso.

Kuma ba kullum mai magana ne cibiya ba. Dattijon motar nan da ya ce "mun taso", ai ba wajen kansa yake tahowa ba. Ya ɗauki kansa ne ya tsaya inda abokinsa yake jira, ya hango motar daga can. Ni a wurina wannan ladabi ne da ya shige cikin nahawu. Mai tatsuniya ma haka yake yi, ya dasa mu a bakin kogo, sai ya ce kura ta fito, mu kuwa mu ji gabanmu ya faɗi domin wajenmu ta yo.

Sauran giredin ma suna da nasu aikin, ko da yake ba zan daɗe a kansu ba. Na biyar yana tura abu ya bar hannun mai yi: fitar, shigar, saukar, mayar, zubar. Aikin da Bature yake yi da out da away da off a throw away ko take out, mu da wannan muke yin sa. Saya da sayar ma a nan suka rabu, inda Turanci sai da ya nemi kalmomi biyu da ba su haɗa dangi ba. Na huɗu kuwa yana rufe ƙofa a bayan mai tafiya. "Ya fita" ana sa ran zai dawo. "Ya fice" akwai fushi ko yanke hukunci a ciki. Haka shiga da shige, haka zuba da zube.

Sai a yi wa Turanci adalci. Tun da ya sauke wa aikatau nauyin nuna hanya, ya samu sarari ya tara kalmomin salon tafiya masu yawan gaske: stroll, stride, stagger, limp, creep, dash, trudge, da sauransu, kuma kowace za ta iya ɗaukar kowane ɗan rakiya. Wannan arziki ne, ban raina shi ba. Mu ma muna da ruga da sheƙa da garzaya da sanɗa da lallaɓa da sulale da kutsa. Amma babban rumbunmu a wani wuri yake, a kalmomin nan da suke kwaikwayon motsin kansa. Ya miƙe zumbur. Ya yi wuf ya shige. Ya faɗa ruwa tsundum. Ya tsaya cak. Yana tafe tinƙis-tinƙis. Ya fita fit. Idan ɗalibi ya tambaye ni ma'anar trudge, ba na ba shi kalma ɗaya, sai in ce masa tafiyar wanda ya dawo daga gona da yamma da dami a ka, tinƙis-tinƙis. Nan take yake ganewa.

Akwai wani tarko da tarihi ya haƙa a cikin Turanci, kuma yaranmu suna yawan faɗawa. A 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, daga nan kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwarara cikin harshen. A cikinsu akwai enter da descend da ascend da return, waɗanda suke ɗauke da hanyarsu a ciki, tamkar shiga da sauka da hau da koma. Saboda haka ba sa son ɗan rakiya. Ana cewa go into the room, amma enter the room. Ana cewa go back, amma return kawai. Yaron da ya sha wahala ya koyi cewa aikatau na Turanci yana tafiya da ɗan rakiya, sai ya rubuta enter inside da return back, a ja masa jan layi. Ga shi kuma a Hausa "shiga ciki" da "koma baya" magana ce lafiyayya. Ta fuska biyu ke nan ake tura shi cikin ramin. Abin lura kuma, Turanci a da yana da hither da thither, masu nuna nan da can, amma sun tsufa sun bar bakin mutane. Jamusanci ya riƙe nasa, her da hin, shi ya sa Bajamushe yake bambanta shigo da shiga kamar yadda muke yi.

Wata rana a aji, a wata makaranta da na koyar a yankin nan, na ba da aikin rubuta labarin tafiya. Wata yarinya mai ƙoƙari ta rubuta cewa ta climbed babur zuwa tasha, ta entered mota, ta dropped a bakin kasuwa. Na kira ta na nuna mata cewa Bature get on yake yi wa babur da bas, get into yake yi wa ƙaramar mota, in zai sauka kuma get off ne ga na farko, get out of ga ta biyu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, to shi get ɗin me yake nufi?"

Na ce, "'Yata, a nan kusan ba ya nufin komai. Jaki ne kawai, kayan suna kan 'yar ƙaramar kalmar."

Ta ce, "Mu kuwa namu jakin shi ne kayan."

Ban taɓa jin wanda ya taƙaita Talmy kamar yarinyar nan ba, ita da ba ta taɓa jin sunansa ba. Kuma wannan ne ya sa nake jin zafin yadda muke koyar da wannan babi. Muna rubuta jerin kalmomi a allo, come in, come out, come across, come over, mu ce a haddace saboda WAEC da NECO, alhali yaron yana zaune da cikakken tsari a kansa wanda da an taɓo shi da ya zama tsani. A ce masa: abin da kake yi da fita da shiga, shi Bature da out da in yake yi, abin da kake yi da "a guje", shi a cikin aikatau yake sa shi, abin da kake yi da o, shi sau da yawa ba ya yi sam, kada ka neme shi. Darasi ɗaya ne, amma yana bukatar malamin Turanci ya san nahawun Hausa, ya kuma yarda cewa ambatonsa a aji ba faɗuwa ba ce. Gari irin Birnin Kudu da yake da tsohuwar kwalejin gwamnati wadda ta yaye mutane irin su Aliko Dangote bai kamata ya rasa malaman da za su iya wannan ba. Sauran wahalar, irin su run out of sugar da give up da put off, inda 'yan rakiya suka bar hanya suka koma karin magana, wannan kam sai yawan karatu da sauraro. Amma ko su sun fi sauƙin kamawa ga wanda ya fara sanin ma'anarsu ta zahiri.

Ɓarnar ba ta tsaya a gefe ɗaya ba, kuma ɗaya gefen ya fi damuna. Ina jin Hausar da ake fassarowa daga Turanci a labarai da saƙonnin waya, inda ake cewa "ya gudu zuwa cikin gidan" ko "sun yi tafiya zuwa wajen garin". Kowace kalma Hausa ce, amma ƙashin bayan na Bature ne: an sa salon tafiya a aikatau, an bar wa "zuwa cikin" aikin into. Kakata da ta ji wannan da ta tambaya, shiga ya yi ko shigowa? Mai fassarar ba zai iya amsawa ba, domin takardar da ke gabansa ba ta faɗa masa ba, shi kuma bai tsaya ya zaɓi inda zai tsayar da mai sauraro ba. Fassara zuwa Hausa tana tilasta wannan zaɓi. Idan gidan rediyo yana Dutse, gwamna ya dawo ne daga Abuja. Idan wakili yana magana daga Abuja, gwamna ya koma. Wanda ya guje wa zaɓin ya bar mai sauraro a tsaye babu ƙasa a ƙarƙashinsa.

Ko sunan garin da na fito yana ɗauke da wannan hali. Birnin Kudu kudu yake ga wanda ya tsaya a arewa da shi, kamar mutumin Dutse, hedikwatar Jigawa tun da aka cire jihar daga Kano a 1991. Ga mutumin Gwaram kuwa, garin yana yamma ne, har da ɗan karkata arewa, amma shi ma Birnin Kudu yake cewa, ya ari idon wani yana kallo.

Da muka isa Gwaram ran nan, abokin dattijon yana tsaye a bakin tasha. Yaron mota ya buɗe ƙofa ya ce, "Baba, a sauka lafiya." Shi kuwa mai jiran ya matso, ya miƙa hannu ya karɓi jakar fatar, ya ce, "Sauko a hankali, Alhaji. Kun sha hanya."